Igiyar Wule

Jiya na ji ƙunƙunin da kuka yi a bayan mota, kada ku ɗauka kunnena ya tsufa. Mutum ya tare mu a hanyar Dundaye da shanunsa uku, ya ce a yi musu rigakafin ciwon huhu, ni kuwa na ce ya kawo su ranar da za a tara na unguwarsu. Sai ɗayanku, mai farar rigar nan da kashin shanu bai taɓa ganinta ba, ya ce ƙasa-ƙasa wai tsohon nan ya cika taurin kai, allura uku me za ta ci. To, ku gyara zama. Tunda an turo ku daga makaranta ku koyi aiki a hannuna, gara ku ji daga bakina.

Kwalbar rigakafin huhu ta garke guda ce. Busasshen gari ne a cikinta, yana kwance cikin ƙanƙara. Da ka zuba masa ruwansa ka girgiza, ya farka ke nan, kuma a zafin Sakkwato ba ya jimawa yake mutuwa. In ka gama da shanu ukun, ragowar zubarwa za ka yi. In kuwa ka yi rowa ka ɗauke shi zuwa wata ruga, ruwan banza za ka tsira wa dabbobin mutane, su koma gida suna murna an yi musu rigakafi. Kwalaben ma ba a wadace ake ba mu su ba. Tun da na fara aikin nan har kaina ya yi furfura, sau ɗaya na taɓa jiƙa kwalba saboda saniya guda, kuma zan ba ku labarin. Amma bari ku fara sanin wanda ya kafa mini dokar.

Malam Bitrus sunansa, mutumin Zuru, gajere kakkaura, babban yatsansa na hagu a karkace saboda wani bijimi ya taɓa matse shi a jikin turke. Shi aka haɗa ni da shi da na fito daga makaranta. Ni ɗan Ƙofar Marke ne, mahaifina yadi yake sayarwa, kuma kafin karatu ban san saniya ba sai a cikin miya. Da ya ji haka ya laƙaba mini Ɗan Marke, har ya yi ritaya bai kira ni da sunan yanka ba. Watannin farko bai bar ni na riƙe sirinji ba. Aikina dafa allurai, wanke igiya, da yawon neman ƙanƙara a gari in an ɗauke wuta. In mun isa ruga kuma na zabura zan buɗe jaka, sai ya ce, "Ɗan Marke, ina za ka? Tsaya ka duba tukuna. Wace ce ba ta tuƙa? Wace ce ta ware ƙafafun gaba ta miƙe wuya?" Sai mu tsaya a rana muna kallon shanu har ƙafata ta yi tsami.

Daga wurinsa na san saniya ta gefe take shuri, doki ta baya, raƙumi kuwa ba shi da alƙibla, duk inda ka tsaya zai same ka. Daga wurinsa na san ba a tambayar Bafulatani yawan shanunsa. Ka ƙirga da ido bakinka a rufe, ka san kwalba nawa za ka jiƙa. Ku kuwa shekaranjiya na ji ɗayanku ya tsaya gaban dattijo yana cewa, "Baba, guda nawa ne?" Shi ya sa mutumin ya amsa muku da cewa rana ta yi zafi.

Haihuwar farko da ya sa ni na karɓa, a fadama ce, wata jar saniya da ta yini tana naƙuda. Ya miƙo mini sabulu da bokiti ya ce in tuɓe riga. Na zura hannu har kafaɗa, na taɓa ƙafafu biyu, ban taɓa kai ba. Kan ɗan maraƙin ya lanƙwashe baya. Dole sai ka tura shi ciki tukuna, ka lalubo hancinsa, ka rufe haƙoransa da tafin hannunka don kada su yaga uwar, sannan ka juyo da shi a hankali. Duk sanda ta yunƙura sai ta matse mini hannu har in daina jin yatsuna. Malam Bitrus yana tsugune a gefe yana cin goro, abin da kawai yake cewa shi ne, "Jira ta saki. Kada ka yi kokawa da ita, ta fi ka ƙarfi." Da maraƙin ya faɗo, ya sa ni na share masa majina, na soka masa tsinken ciyawa a hanci har ya yi atishawa. Bai ce na yi ƙoƙari ba. Cewa ya yi in wanke igiyar kafin jini ya bushe a kanta.

Kayan aikin da kuke gani a jakata yawancinsu tun zamaninsa suke. Sirinjin ƙarfe, ma'aunin zafi, abin sauraron ƙirji, ƙarfen huda ciki in tumbi ya kumbura, abin dandaƙa, da almakashin kunne da muke yi wa saniya ɗan giɓi da shi don a san an yi mata rigakafi. Sai akwatin ƙanƙara, wanda shi ne uban tafiya. In babur ya kayar da kai a yashi, akwatin za ka fara dubawa kafin gwiwarka.

Masu kiranmu kuma iri-iri ne. Na cikin gari ba sa neman mu sai abu ya lalace. Wata Hajiya a Sama Road ta taɓa aiko mini a kan ragon layyarta, balami fari tas, wai yana ci amma kullum ramewa yake, ta tabbata baki ne ya kama shi. Na danna cikinsa na ji wani abu dunƙule da ba ya motsi. Da na farke tumbin, leda na yi ta jawowa, baƙa da fara, har da igiyar buhu da guntun silifas, sai da muka cika daro. Hajiya ta leƙo ta gani ta ce, "Innalillahi! Wa ya yi mini wannan aika-aika?" Na ce, "Hajiya, bolar ƙofar gidanki ce." Ragon ya tashi, ya kai Sallah. Na daji kuwa sun san dabbarsu fiye da yadda za ka taɓa saninta, amma suna da nasu dokokin, kuma in ba ka san su ba za ka yi ta magana da iska.

Sambo yana cikin waɗannan. Daga gabas ya taso da iyalinsa bayan ɓarayin daji sun kore masa garke, ya zo ya kafa bukkoki a bayan Dundaye da 'yan shanun da suka tsira, waɗanda ba su cika turke biyu ba. Matashi ne siriri, ba ya ɗaga murya, in yana magana da kai ƙasa yake kallo. A shekarar da nake ba ku labari Malam Bitrus ya riga ya koma Zuru, ni ke riƙe da yankin. Lokacin sanyi muka fita rigakafi, aka tara shanun rugagen wurin a fili guda. Sambo ya kawo nasa da kansa, ya riƙe kowace aka yi mata allura aka yi wa kunnenta giɓi. Ina cikin aiki sai na hango wata saniya ɗaure ita kaɗai a inuwar gawo, baƙa mai farin goshi, jikinta sumul, ta fi duk nasa kyau.

Na ce, "Sambo, waccan fa?"

Ya ce, "Waccan a bar ta, Likita."

"Ba ta da lafiya ne?"

"Lafiya lau take. Ba tawa ba ce. Haɓɓanaye ce."

Ku 'yan birni ba lalle ku san haɓɓanaye ba. In Bafulatani ya rasa dukiya, wani mai garke yakan ɗaura wa karsana igiya ya miƙa masa. Zai riƙe ta, ya sha nononta, ta haifa masa sau uku, 'ya'yan duk nasa ne, sannan ya mayar da uwar ga mai ita. Da haka mutum yake sake tsayawa da ƙafarsa. Wadda aka ba ka ta wannan hanya ba ka dukanta, ba ka zaginta, ita ke fara shan ruwa kafin naka. Wannan saniya, Wule suke kiranta da Fulatanci saboda farin goshin, wani dattijo ne ya ba shi, Baffa Dikko, aminin mahaifinsa marigayi. Ta haifa masa biyu, ga cikin na uku. In ta sauka, da damina ta faɗi Baffa Dikko ya dawo daga kiwon rani a kudu, sai Sambo ya mayar masa da ita a kan ƙafafunta. Abin da ya sa a gaba ke nan, ba shi da wani zance da ya wuce shi.

Na ce masa ai ita ta fi cancanta a yi wa rigakafi, tunda amana ce. Ya ce da kunne cikakke aka ba shi ita, da kunne cikakke zai mayar. Na ce to na yafe giɓin, allurar kaɗai zan yi. Ya girgiza kai, ya ce ya taɓa ganin saniyar da wurin allurar ya kumbura har ya ruɓe. Ban ƙaryata shi ba, domin yakan faru jifa-jifa, sai dai na gaya masa yana da magani in an kira mu da wuri.

Ya ce, "Likita, in ciwo ya kama ta, Allah ya kawo shi. In allura ta ɓata ta, ni na riƙe maka kanta. Mi zan ce wa Baffa?"

Na ce ya kira Baffan a waya. Muka gwada, ba ta shiga, mutumin yana can dajin da ko rediyo da ƙyar yake kamawa. Ga magani jiƙe a hannuna yana mutuwa, ga wasu garkunan suna jira. Na ji haushi, na kuma gaya masa na ji. Amma ni ba ɗan sanda ba ne, ba na kama saniyar mutum da ƙarfi. Na wuce na bar Wule a inuwarta.

Da bazara ta kama, ciwon ya shigo. Wasu 'yan kasuwa ne suka kawo shanu masu araha daga nesa, aka shayar da su a gulbi inda kowa ke shayarwa, shi ke nan. Har yau in tsofaffin makiyayan wurin suka ce shekarar huhu, ita suke nufi. Kana shiga ruga tari za ka fara ji kafin sallama, busasshen tari mai nishi a ƙarshensa. Garkunan da suka gudu daga rigakafi suka riƙa zubewa. Mahauta ta cika da ramammun shanu, ka buɗe ƙirji ka tarar da ruwa rawaya, huhu ya manne da haƙarƙari ya yi tauri. Waɗanda suka ɓuya mini lokacin sanyi su ne yanzu suke tare mini babur a hanya. Wasu suka koma sayen magani a kasuwa, su raba na saniya ɗaya wa biyar, su zo suna cewa magani ya daina aiki. Ƙanƙara ta yi wuya, mai ya yi wuya, tayar babur ta ƙare. A watannin nan ban ci abincin rana a gida ba.

Wata safiya na fito zan tafi aiki, na tarar da Sambo tsugune a ƙofar gidanmu a Ƙofar Marke, sandarsa a kan cinya. Ya gaishe ni, ya tambayi iyali, ya tambayi aiki, ya tambayi zafi, ya sake tambayar iyali. Sai da na hau babur sannan ya ce, "Likita, Wule na tari."

Na same ta tsaye ta ware ƙafafun gaba, wuya a miƙe, tana numfashi da ƙyar. Zafin jikinta ya hau sosai. Na danna tsakanin haƙarƙarinta ta yi nishi. Na ƙwanƙwasa ƙirjin, ɓangaren hagu yana amsawa, na dama kuwa dum, kamar tulu cike da ruwa. Shanunsa na kansa suna gefe suna tuƙa, ko ɗaya ba ta yi tari ba. Na ce masa huhu ne, kuma a ƙa'idar aikinmu yanka ake yi tun nama bai lalace ba.

Ya ce, "Wanda bai iya ba da kunnenta ba, shi zai ba da wuyanta?"

Haka muka sake komawa inda muka tsaya lokacin sanyi. Ba shi da ikon yanka abin da ba nasa ba, mai ita kuma ba a samunsa. Ya aika saƙo ta hannun wani dillalin shanu, saƙon bai dawo da komai ba. Sai muka yi sharaɗi. Zan yi mata magani, amma zai ware ta nesa da kowace dabba, ba za ta je gulbi ba, ba za ta taka burtali ba, har Baffa Dikko ya dawo. Na kuma faɗa masa tun a ranar, ba a ɓoye ba, cewa maganin kwantar da ciwon yake yi, ba lalle ya fitar da shi ba. Ya ce ya ji. Ina jin rabin farko kawai ya ji.

Jinyar da ya yi wa saniyar nan ban taɓa ganin irinta ba, ko a wurin masu dawakin gari. Ya yi mata shinge can bayan bukkoki inda iska ba ta kaɗowa wajen garke, ya yi mata rumfa ta zana. Bokitinta daban. Ruwa a ka yake ɗauko mata daga rijiya. Ya shiga fadama ya yanko mata ɗanyar ciyawar burgu lokacin da nasa suke lasar busasshen kara. Duk ranar allura yana tsaye yana jirana tun kafin in ɓullo. A hankali zafin ya sauka, ta fara tuƙa, ta mayar da jiki. Da hadarin farko ya fara haɗuwa ta haifi maraƙa mace. Na sa aka ɗauke 'yar nan take aka haɗa ta da wata saniyarsa mai shayarwa. Wule ta yi ta kuka tana zagaya shinge, shi kuma ya zauna kusa da ita yana yi mata magana da Fulatanci.

Bayan haihuwar ya kira ni in duba ta. Rannan ne na fara ganin haƙoransa. Ya nuna mini wata sabuwar igiya da ya tuƙa da hannunsa, fara, mai kauri, ya yi mata ado da jan zare a wajen maɗauri. Ya ce a gidansu ba a mayar da haɓɓanaye da tsohuwar igiya. Na ce madalla, na sa abin sauraro a ƙirjinta. Ko'ina iska na shiga, sai wuri guda a dama, faɗin tafin hannu, shiru. Na sa ya kora ta da gudu ta zagaya shingen. Da ta tsaya ta sunkuyar da kai ta yi tari sau biyu.

Na ce, "Sambo, wannan saniya ba za ta shiga garken Baffa ba."

Ya ce, "Haba Likita, dube ta fa. Ta fi yadda anka ba ni ita."

Ku saurara da kyau, domin wannan shi ne abin da ke cin garke bayan kowa ya ɗauka an gama. Saniyar da ta tashi daga huhu, sau da yawa ciwon dunƙulewa yake yi a wuri guda, jiki ya yi masa jaka ya rufe. Za ta yi ƙiba, ta yi sheƙi, ta haihu. Ranar da ta sha doguwar tafiya ko yunwa sai jakar ta fashe, ta riƙa fesa wa na kusa da ita. Garken Baffa Dikko kuwa kullum a tafe yake, yana cuɗanya da na wasu a kowace mashaya, ga maruƙan da aka haifa a hanya waɗanda allura ba ta taɓa su ba. Na yi wa Sambo wannan bayani. Ya daɗe yana murza igiyar a hannunsa. Na ce ko ya faɗa wa Baffa, ko ni in faɗa, amma ba za a yi shiru ba.

Ya ce, "Ni zan faɗa. Amma ka zo ka tsaya."

Da ruwa ya sauka ciyawa ta tsiro, Baffa Dikko ya dawo ya sauka a arewacin Dundaye. Da hantsi ya zo rugar Sambo, dogon tsoho mai malafa, sanda a gicciye bisa kafaɗu. Aka shimfiɗa tabarma, aka kawo nono, aka yi gaisuwar da ba ta ƙarewa. Tun daga zaune ya hango Wule a shingenta. Ya kira sunanta sau ɗaya, ta ɗago kai ta amsa. Ya yi murmushi ya ce ta yi kyau. Nan Sambo ya durƙusa ya faɗi komai, tun daga inuwar gawo har zuwa tarin, bai rage ba, bai kuma ɗora wa kowa ba.

Tsohon ya juyo gare ni. "Likita, ka tabbata?"

Na ce, "Baffa, ba na ganin cikin ƙirji sai an buɗe. Abin da kunnena ya ji na faɗa. In na yi kuskure, ka yi asarar lafiyayyar saniya a kan maganata. In ban yi ba kuma ta shiga garkenka, kai ka san sauran."

Ya tashi ya je bakin shingen, ya daɗe yana kallonta, bai shiga ba. Da ya dawo ya ce, "A kira mahauci."

Sambo bai tsaya ba. Shi da ke riƙe mini kowace saniya, rannan ya zagaya bayan bukkoki, wasu ne suka kayar da ita. Da aka feɗe na sa wuƙa a huhun dama, ina tsoron ko na yi kuskure, ba zan ɓoye muku ba. Sai ga shi, dunƙule kamar curin fura, cikin jaka mai kauri, gefe guda har ya fara yin laushi. Na yanka na nuna wa Baffa Dikko. Ya taɓa da bakin sandarsa, ya ce, "Allah ya kiyaye." Na sa aka binne huhun da zurfi, naman na duba na ce a ci.

Sai ga Sambo ya fito da sabuwar igiyar a naɗe. Ya durƙusa ya ajiye ta a gaban tsohon ya ce, "Baffa, abin da ya rage ke nan."

Baffa Dikko ya ce, "Mi ya hana ka yi mata allura sanda anka yi wa naka?"

"Ba tawa ba ce, Baffa. Ban so a taɓa ko kunnenta ba ka sani ba."

"Ranar da na ba ka ita, ka ga na cire kunnen na tahi da shi?"

Tsohon ya ɗauki igiyar ya rataya a kafaɗa, ya yi mini sallama, ya tafi ko naman bai waiwaya ba. Aka rarraba wa maƙwabta. An ce Sambo bai ci ba, kuma kwanakin da suka biyo baya ko kasuwa bai shiga ba. A wurinsu wanda haɓɓanaye ta mutu a hannunsa ba a bin sa komai, amma kowa zai san cewa igiya ya mayar ba saniya ba, kuma da wuya wani ya sake ɗaura masa wata.

Ana nan sai Baffa Dikko ya aiko a ce mini in zo rugar Sambo, in taho da akwatin ƙanƙara. Na ɗauka wani garke ne ya sauka. Da na isa na ga ba kowa sai su biyu, da wata karsana ja, matashiya, farar igiyar nan mai jan zare a wuyanta, bakin igiyar a hannun tsohon.

Ya ce, "Jiƙa maganinka, Likita."

Na duba hagu da dama. Shanun Sambo an yi musu. Shanun Baffa kuma ya ce an yi musu a kudu, wannan ce lokacin ba ta isa ba, sauran ƙananan kuma suna can nesa da masu kiwo. Na ce masa kwalbar ta garke guda ce, ba a jiƙa ta don saniya ɗaya, ya bari lokacin sanyi in mun fito zan fara da ita.

Ya ce, "Lokacin sanyi ina kudu. In na juya baya, wanga yaro ba ya bari ko ƙuda ya sauka kanta, balle allurarka. Ba ni miƙa mashi igiya sai an yi a gabana."

Na tsaya da akwatin a hannu, ina jin muryar Malam Bitrus a kunnena. Sambo yana gefe, kansa a ƙasa. Na tsuguna a inuwa na fasa kwalbar na zuba mata ruwa.

Baffa Dikko ya ce, "Sambo, zo ka riƙe kanta."

Ya zo ya kama ƙaho da hanci. Na tsira allurar a bayan kafaɗa. Zan mayar da kaya jaka tsohon ya ce, "Kunnen fa?" Na ɗauko almakashi na yi wa kunnen giɓi. Karsanar ta fizge kai, ɗan guntun ya faɗi a ƙasa. Baffa Dikko ya sunkuya da ƙyar ya tsince shi, ya hure masa ƙasa, ya jefa a aljihun rigarsa.

Ya ce, "Wanga na tahi da shi. Sauran duk yana hannunka."

Ya miƙa igiyar, Sambo ya karɓa da hannu biyu. Ni kuma na koma bayan shinge na haƙa rami, na zubar da ragowar maganin garke guda, na mayar da ƙasa.